Gyaran Gidan Haya: Bashi Ne ko Jari?

Akwai wani gida mai ɗakuna takwas a unguwarmu da ya shekara goma sha biyu yana yoyo. Duk damina sai 'yan hayar su jera bokitai a tsakar ɗaki, duk ƙarshen shekara kuma su biya haya cif-cif. Bara wani attajiri ya saye shi, ya sauya kwano, ya shimfiɗa tayil, ya haƙa rijiyar burtsatse, sannan ya ninka haya sau uku. Yau gidan ya zama abin kallo, amma a cikin tsofaffin mazaunansa ba wanda ya rage. Wai shin mutumin nan ya yi laifi?

Masu kare shi suna da hujja. Kuɗinsa ya zuba, a zamanin tsadar siminti, wanda buhunsa ya haura naira 10,000 a farkon 2024. Sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma in aka hana mai jari riba, gidajen haya kangaye za su koma. Wannan gaskiya ce.

Sai dai, ya mai karatu, aikin da aka yi wa gidan nan iri biyu ne. Akwai toshe yoyo da gyaran masai, akwai kuma tayil da burtsatse. Na farkon bashi ne, domin wanda ya kama ɗaki inuwa ya saya, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kada a ce sabon mai gida bai ci wannan lada ba: ai saboda yoyon nan ya sami gidan da araha. In ya sake ɗora kuɗin kwano a kan ɗan haya, an biya shi sau biyu ke nan. Na biyun shi ne jari, kuma ribarsa halaliyarsa ce.

Dokar Jamus ta yi irin wannan rabo. Ba ta yarda a ƙara haya saboda gyaran abin da ya lalace ba. Abin da aka kashe wajen inganta gida kuwa, tun 2019 kashi 8 cikin ɗari nasa kawai ake iya ɗorawa a kan hayar shekara.

To, ko da lissafi ya yi daidai, da sauran magana. Tela da ya shekara goma a wuri, masu kawo masa ɗinki a nan suke, makarantar 'ya'yansa ma a nan take. Ranar da ya tashi, duk wannan ya watse, kuma ba ya cikin takardar magini. Don haka ina ganin hakkinsa ne a sanar da shi kafin a sauke yashi, a yi ƙarin a hankali, a kuma fara yi masa tayin ɗakin kafin dillali ya kawo baƙo.

Attajirin unguwarmu ya gyara gida, wannan ba musu. Laifinsa shi ne ya lissafa siminti da fenti da ladan kafinta, ya manta da mutanen da ya tarar a ciki.