ABIN DA YA ƁACE WA IDO BAI ƁACE DAGA DUNIYA BA



Kuka da dama ya iso gare mu daga iyaye mata cewa yaro ya kai wata 8 ya fara ƙiwa. Da uwa ta ɗauki fartanya ta nufi gona, sai ya ɓarke da kuka. Wasu kan ce an sangarta shi, wasu har su tsorata shi da dodo. 'Yan'uwa, wannan kuka alamar hankali ne da ya fara buɗewa.

Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Jean Piaget, ya lura da 'ya'yansa uku, ya bayyana abin da ya gani a 1937. Idan aka rufe abin wasan jariri ƙarami, ba ya nemansa. Wajen wata 8 sai ya fara ɗaga murfin. Kafin ya cika shekara 2, yakan riƙe siffar abu a zuciyarsa ko da bai gan shi ba. Binciken Renée Baillargeon na 1987 ya nuna cewa tushen wannan sani yana nan tun wajen wata 4. Saboda haka mai ƙiwa ya san uwarsa tana wani wuri. Abin da bai tabbatar ba shi ne dawowarta.

Mene ne aikinmu? Mu rufe fuska da gefen zane, mu buɗe da murmushi. Mu kifa ƙwarya a kan ludayi yana kallo, mu bar bakinsa a waje, mu bari ya ɗaga da kansa. Kada mu yi wasan da gyaɗa ko tsakuwa, domin suna iya shaƙe shi. Uba ma ya yi, yayye ma su yi. In za mu fita, kada mu sulale. Mu yi masa sallama, mu dawo kamar yadda muka faɗa. Haka kuma lokacin yaye, in an kai shi gidan kaka.

Ubangijinmu ma bai rabu da almajiransa a ɓoye ba. Ya yi musu alkawari, sa'an nan gajimare ya ɗauke shi daga idanunsu. Yaron da ya saba ganin alkawari yana cika, ba zai sha wuyar gaskata Allahn da ba a gani ba.

Ubangiji ya albarkaci gidajenmu. Amin.