Kifin Da Ba Shi Da Gari, Amanar Wane Ne?

A cikin teku akwai wani ƙaton kifi mafarauci wanda ake kira farin shak. Abincinsa kifaye ne da sauran dabbobin ruwa. A da ana zaton ba ya yin nisa da gaɓar da ya saba. Sai a watan Nuwamba na 2003 waɗansu masana suka maƙala wa wata kifanya irin wannan 'yar na'ura a gadon baya, a gaɓar Afirka ta Kudu, suka raɗa mata suna Nicole. Aikin na'urar shi ne ta riƙa auna zurfin ruwa da sanyinsa da hasken rana. In ranar da aka yanka mata ta cika, sai ta ɓalle, ta taso bisa ruwa, ta aika da labari ta tauraron ɗan'adam.

Kun san inda na'urar ta ɓalle? Yammacin Ostareliya. Cikin kwana 99 kifanyar nan ta ƙetare tekun Indiya, tafiyar wajen kilomita 11,000. A watan Agusta na 2004 kuma sai ga ta ta komo inda ta tashi, aka shaida ta da tsage-tsagen da ke fiffiken bayanta.

To, jama'a, a nan tambaya take. Tun 1991 Afirka ta Kudu ta hana kashe farin shak, Ostareliya ma tana da irin wannan doka. Amma ikon kowace ƙasa a kan kifi bai wuce mil 200 daga gaɓarta ba. Abin da ke tsakani ruwa ne da ba shi da sarki, inda jiragen masunta suke shimfiɗa igiya mai dubban ƙugiyoyi. Kifin da ya kwana cikin aminci a gida, da ya fita sai ya zama na wanda ya riga kamawa. Shin abin da ba na kowa ba, halal ne ga mai ƙarfi ya cinye shi?

Wani zai ce, ina ruwanmu da dabbar da takan ciji mutum? Gaskiya ne takan yi ɓarna jefi-jefi. Amma wani bincike na 2021 ya nuna shak da danginsa na tsakiyar teku sun ragu da kashi 71 cikin 100 tun daga 1970, babban dalili kuwa su ne ya yi yawa. Ashe cikinmu da su, mu ne abin tsoro.

Kafin a san hanyar kifin nan, mutum yana iya cewa bai sani ba. Yanzu wannan uzuri ya ƙare. Kuma taswirar da ke nuna wa mai tsaro inda zai tsare, ita ce ke iya nuna wa masunci inda zai ɗana. Don haka sani amana ne, wanda ya gano hanyar wata halitta ya ɗauki nauyinta.

Nauyin nan ya fi ƙarfin ƙasa guda, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 2023 ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da yarjejeniyar kiyaye halittun wannan ruwa marar sarki. Takarda dai an rubuta, saura cika alkawari. Abin da ba shi da mai shi, haƙƙinsa yana wuyan kowa, har da jikokin da za su tambaye mu inda muka kai shi.