Amanar 'Ya'yanmu Tsakanin Ɗura da Ƙin Ci

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya 'yan'uwa Musulmi na Tawa da Adar, mu da muka ga yunwar 2005 mun saba ɗaukar ƙiba alamar wadata. A arewacinmu, wajen Cintabaraden, an daɗe da al'adar yi wa yarinya ɗurar madara da fura domin ta cika kafin aure. A cikin gari kuwa, wasu 'yan mata kan sayi ƙwayoyin ƙiba wurin masu tallar magani. Cikinsu akwai deksametazon, wanda yawan shansa ke kumbura fuska, ya jawo hawan jini da ciwon sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 yara da matasa miliyan 160 ke fama da ƙiba mai cutarwa.

A Suratul A'arafi, aya ta 31, Allah Ya halatta mana ci da sha, Ya hana ƙetare iyaka. Tirmizi ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya koyar da raba ciki uku: abinci, ruwa da numfashi.

Sai dai mu kiyaye, kada a gudu ba a tsira ba. Yarinyar da ake kira buhu a gida, ake yi mata dariya a makaranta, takan ƙaurace wa akushi, ko ta ci ta amayar a ɓoye, ko ta fake da azumin nafila. Wannan cuta ce da likitoci suka sani, kuma tana kisa. Suratul Hujurati, aya ta 11, ta haramta izgili da jifa da munanan laƙabai. Annabi (SAW) ya hana azumin ɗore, kuma ya gaskata Salmanu lokacin da ya tunatar da Abu Darda'i cewa ransa yana da hakki a kansa.

Saboda haka gyara ya zama na gida duka, kada a ware yaro guda. Mu rage sukari a shayi da lemun kwalba, mu yawaita wake da zogale, mu ci tare, mu bar yara su motsa jiki. In muka ga rama ta gaggawa, ko jiri, ko ɗaukewar haila, mu garzaya wurin likita. Lallai za a tambaye mu game da wannan kiwo.

Allah Ya ba zuriyarmu lafiya da imani, amin. Wassalamu alaikum.