Addu'a a Kan Hanya: Ibada ce ko Nuna Kai?

Hausawa kan ce zumunta a ƙafa take. Wannan karin magana shi ya faɗo mana a rai yayin da muke nazarin wata al'ada ta mabiya addinin Kirista, wato yin addu'a ana cikin tafiya. Fasto ko 'yan ikilisiya kan fita, su biyu ko uku, su bi layukan unguwa suna roƙon Allah a zuci saboda gidaje da makarantu da asibitocin da suke wucewa. Wani lokaci kuma abin kan zama gangami, kamar tattakin da aka fara a birnin Landan a 1987 da sunan Yesu, wanda ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Tambayarmu ita ce, yaushe wannan tafiya ke zama ibada, yaushe kuma take komawa riya?

Littafi Mai Tsarki kansa bai bar maganar da sauƙi ba. A wasiƙarsa ta farko zuwa ga Tasalonikawa, Bulus ya umarci masu bi da su dage da addu'a ba fashi, wanda ke nuna cewa hanya da kasuwa ma wurin addu'a ne. Amma a sura ta 6 ta Matiyu, Almasihu ya soki masu tsayawa a mararrabar hanyoyi suna addu'a don idon jama'a, ya ce ɗaki a rufe ya fi. Ashe mai tafiya yana addu'a tsakanin umarni biyu yake takawa.

A ganinmu, mabuɗin warware wannan yana cikin sunan fasto. Kalmar daga Latin ta fito, ma'anarta makiyayi. Duk wanda ya san kiwo ya san makiyayi ba ya bin garke don a yaba masa. Yana bi ne don ya ga wadda ke ɗingishi da wadda ta ƙi cin ciyawa. Haka kiran fasto yake. Wanda bai san mutanensa ba sai daga kan mumbari ranar Lahadi, tufafinsu na ado kaɗai ya sani. Wanda ya taka zuwa ƙofar gida shi ke ganin rufin da ke yoyo, da yaron da aka koro saboda kuɗin makaranta. Gani kuwa ya kori ji, kuma wanda ya gani, nauyi ya hau kansa.

Labarin da ke sura ta 24 ta Luka ya ƙara haska wannan. Almajirai biyu sun kama hanyar Imuwasu, tafiyar kimanin mil 7 daga Urushalima, wani baƙo ya bi su suna zance. Ba su gane Almasihu ba ne sai da suka riƙe shi ya kwana, ya gutsuttsura gurasa. Tafiyar ba ta cika ba sai da ta kai ga karɓar baƙo.

Wannan darasi ya shafe mu ƙwarai. Bayan rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001, unguwanni da yawa sun rabu bisa addini, har wasu na shakkar ratsa layin da suka tashi a cikinsa. A irin wannan wuri, ikilisiyar da ta fita da lasifika tana shelar ƙwace unguwa, tsoro take shukawa ko da niyyarta kyakkyawa ce. Wadda ta fita a natse, ta gai da maƙwabci Musulmi, ta yi masa ta'aziyya, ta roƙa masa alheri ba tare da ya sani ba, ita ta fi kusa da kiranta.

Saboda haka ma'aunin da muke bayarwa ɗaya ne. Idan mai addu'a ya dawo gida, ya tambayi kansa wa ya gani a hanya, kuma me zai yi masa gobe. In kuwa abin da ya riƙe kawai shi ne yawan mutanen da suka gan shi, to Matiyu ya riga ya faɗi hukuncinsa: ya karɓi ladansa tun a titi.