Kofin Mutum Ɗaya

Bara da sanyi na je Yamai na sauka gidan yayana, ɗan wan mahaifina, wanda ya daɗe yana aiki a Faransa. Cikin kayan da ya dawo da su har da wata 'yar na'urar haɗa gahawa, baƙa mai ƙyalli, girmanta bai wuce na rediyo ba. Ana ɗaga mata baki a jefa wani ɗan ƙwanso na alminiyam da aka cusa garin gahawa a ciki aka liƙe, a danna maɓalli, kafin ka gyara zama ta tsiyayo maka kofi ɗaya da kumfa a sama. Na sha, kuma ba zan ɓoye ba, ta yi daɗi. Muna nan zaune sai ga abokansa uku sun yi sallama. Na ga ya dubi kwalin ƙwansunan, leɓensa yana motsi. Ƙirgawa yake yi. Saura biyu, kuma ba a kowane kanti ake samun su ba. Daga ƙarshe ya leƙa cikin gida ya ce a ɗora shayi.

Yayana ba marowaci ba ne. Mutum ne da yake biyan kuɗin makarantar yara huɗu waɗanda ba shi ya haife su ba. To me ya sa shi ƙirga a gaban baƙi? Wannan tambaya ta daɗe tana cina, har ta kai ni ga wata: shin yadda mutum yake dafa abin shansa a gida zaɓin harshe ne kawai, ko kuwa akwai ruwan hali a ciki?

Masu son gahawa sun saba auna hanyoyin dafa ta da ɗanɗano, ko sauri, ko tsada. Ni ina so in auna su da abu guda: idan wani ya yi sallama ba zato, me wannan hanya za ta sa ka yi?

Bari in fara da hanya mafi jinkiri da na taɓa gani. Lokacin da nake karatu a Khartum nakan je hutu garin Mai Wurno, a bakin Shuɗin Nilu, inda Hausawa da Fulani suka zauna bayan yaƙin Burmi na 1903. A can na san jabana. Ana soya ɗanyen ƙwayar gahawa a ɗan kasko bisa gawayi har ta yi baƙi, a zagaya da kaskon kowa ya shaƙi hayaƙin, a daka a ƙaramin turmi tare da citta, a tafasa, a juye cikin 'yar butar yumɓu mai dogon wuya, a toshe bakinta da zaren kaba don ya tace. Sannan a zuba a finjali da sukari mai yawa, turaren wuta yana tashi a gefe. Abin yakan ci awa guda. A Habasha ma haka ake yi, har zagaye uku, kuma kowane zagaye da sunansa: abol, tona, baraka. Wannan hanya ba ta san mutum ɗaya ba. Ƙarar turmin kanta gayyata ce, maƙwabta suna ji suna shigowa. Wanda ya zo a makare zai tarar da zagaye na biyu ko na uku. Ruwa kawai za a ƙara.

Da a nan na tsaya, sai in ce jinkiri shi ne alheri, sauri kuma shi ne ɓarna. Amma akwai abin da ban lura da shi ba sai daga baya. A gidan da nake sauka, ni a kan tabarma nake, ina jiran finjali. Wadda take fifita gawayi, take daka, take wanke finjalai, uwargidan ce, kuma ita ce ta tashi tun asuba ta yi sauran aikin gida. Awar da nake kira hutu, ita aiki ce a wurinta. Ba mamaki da takardar tace gahawa mace ce ta ƙago ta. A 1908 wata matar aure a Dresden ta Jamus, Melitta Bentz, ta gaji da tsaki a kofi da wankin ƙyallen tata, ta huda gindin wani kwanon tagulla ta shimfiɗa masa takardar tsotse tawada daga littafin ɗanta. Wanda bai taɓa riƙe taɓarya ba bai kamata ya yi wa mai neman sauƙi wa'azi ba. Don haka sauri a kan kansa ba laifi ba ne.

Sai mu zo ga wadda muka fi sani a Damagaram da Maradi da Kano, wato garin gahawa mai narkewa, wanda kowane iri ne mu dai Nescafé muke ce masa. Asalinsa daga kwantai ne. Bayan rushewar kasuwannin duniya a 1929 gahawa ta yi wa Brazil yawa ba masaya, aka nemi kamfanin Nestlé ya samo hanyar adana ta, shi kuwa ya fito da Nescafé a Suwizalan a 1938. A masana'anta ake dafa gahawar, sannan a busar da ruwanta, ko ta hanyar fesa shi cikin iska mai zafi ko ta daskarar da shi, ya zama gari. Wajen busarwar wani ƙamshin yakan gudu, kuma yawanci da irin robusta ake yin ta, wanda ya fi irin arabika ɗaci. Shi ya sa masana gahawa suke raina ta, wasu ma ba su yarda a kira ta gahawa ba.

Amma ka tsaya teburin mai shayi da safe ka ga aikinta. Gwangwani ɗaya, cokali ɗaya, babbar buta. Mai ƙarfi a cika masa cokali, mai ƙaramin kuɗi a ɗan barbaɗa masa a kan madara. A gida ma haka ne. In baƙi uku suka zama shida, sai a rage wa kowa kaɗan, a ƙara sukari, ba wanda zai gane, ba wanda zai ji kunya. Wannan gari da ake rainawa yana da halin tuwo: yana miƙewa. A ma'aunin ɗanɗano yana ƙasa, a ma'aunin sallama kuwa yana kusa da jabana.

Ƙwanso fa? Wani injiniya ɗan Suwizalan, Eric Favre, shi ya ƙirƙiro tsarin Nespresso a 1976, aka fara sayar da shi a 1986. A Amurka kuma aka yi na roba mai suna K-Cup, wanda ya cika ofisoshi da gidaje. Sukar da aka fi yi wa ƙwanso ita ce ta shara, domin kowane kofi yana barin bawo. Birnin Hamburg na Jamus ya hana sayen sa da kuɗin gwamnati a 2016, kuma John Sylvan, wanda ya ƙago K-Cup, ya faɗa wa wata mujallar Amurka a 2015 cewa wani lokaci yakan yi nadamar abin da ya ƙirƙira. Masu kare shi su ma suna da hujja: na'urar tana auna ruwa da gari daidai, ba a dafa buta guda a zubar da rabi. Ni ba nan damuwata take ba. Damuwata ita ce ƙwanso ba ya rabuwa. Garin da ke ciki kamar giram biyar ne, an auna shi don baki ɗaya an liƙe tun daga masana'anta. Ba yadda za ka yi ya ishi mutum biyu. Wanda ya ƙera shi ya riga ya yanke cewa kai kaɗai ne a ɗakin, kuma in aka daɗe ana gaya wa mutum haka kowace safiya, wata rana zai yarda. Abin da ya sa yayana ƙirga ke nan. Kayan aikin ne ya koya wa hannunsa lissafi.

Na so ƙwarai in ɗora wa na'ura laifin duka, amma gaskiya ba ta bar ni ba, domin ni ba ni da na'ura kuma na yi abin da ya fi nasa muni. Ina da 'yar butar nan ta Italiya mai kusurwa takwas, irin wadda Alfonso Bialetti ya fito da ita a 1933, wadda tururi yake tura ruwa daga ƙasa ya ratsa gari ya hau sama. Ana yin ta manya da ƙanana. Ni da kaina na zaɓi mafi ƙanƙanta, mai finjali ɗaya, don nakan so in zauna ni kaɗai bayan asuba in yi rubutu. Wata safiya na sauke ta ke nan, sai na ji sallamar wani dattijo maƙwabcinmu, mai gadi ne, yana dawowa daga aikin dare. Kafin in amsa, sai da na tura finjalin bayan kujera. Ya shigo ya zauna, muka gaisa, ya ɗan yi murmushi ya ce, "Malam, ai ƙamshi ya riga ka amsa sallama." Na ce, "Baba, bari in ɗora maka." Ya ce a'a, barci zai je ya yi, gaisuwa kawai ta kawo shi. Ya tashi ya tafi. Gahawar ta huce a bayan kujera, ban iya shanta ba.

Ba gahawa Baba ya zo nema ba, kuma na san ko na miƙa masa da wuya ya karɓa. Abin da na hana shi shi ne tayin. An ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ni kuwa ranar na naɗe duka biyun saboda ruwan da bai cika tafin hannu ba. Kuma butar ba ita ta ɓoye finjalin ba, ni ne. Abin da ta yi kawai shi ne ta ba ni hujja: ai ɗaya ne, ba zai isa ba. Tun ranar da na tsaya a kanti na ɗauki ƙaramar na bar babbar, na riga na yanke shawarar wanda zan tarba.

Ba ina cewa haramun ne mutum ya sha abu shi kaɗai ba. Kaɗaici yana da haƙƙinsa. Mai jinyar da ta kwana a tsaye, ɗalibin da jarrabawa ta matso, direban da zai kama hanyar Agadas kafin rana ta fito, duk suna da damar kofinsu ba tare da taro ba. Sufayen Yemen da suka yaɗa shan gahawa a ƙarni na 15 ma don su raya dare suka riƙe ta, ba don hira ba. Sai dai su a kwano ɗaya suke zagayawa da ita. Abin da nake tsoro shi ne gidan da duk kayansa na mutum ɗaya ne, har sallama ta zama matsala da za a warware maimakon albarka da ta shigo. Sannu a hankali muna cika ɗakunanmu da irin waɗannan kaya, kowanne da dalilinsa mai kyau, kuma ba ranar da wani zai ce ga lokacin da muka daina tsammanin baƙo.

Don haka in za a tambaye ni wace hanya ce ta fi, ba zan ce jabana ba, ba zan ce takardar tata ba, ba zan ce ƙwanso ba. Kowa ya sha abin da harshensa da aljihunsa suka yarda da shi. Amma ya duba ko a kusa da kofinsa akwai abin da zai miƙe in an yi sallama. Da na koma Yamai bana, na tarar yayana yana nan da na'urarsa, sai dai ya ajiye babban gwangwanin gari a gefenta. Ni kuma na sayi buta mai finjali uku. Yawancin safiya ni kaɗai nake sha, sauran ya huce in ɗumama da rana, ɗanɗanonsa ya ragu. Na yarda da wannan asara. Baba ya sha sau biyu tun daga lokacin, kuma ya ce in riƙa sa citta.