Balasa: haki ce ko fure?

Duk wanda ya yi sammako a tsakiyar damana ya ratsa gonakin Takieta, kusan kilomita 50 yamma da birnin Zinder, zai iske wata ciyawa mai yaɗo a gindin hatsi, da ƴan furanni shuɗɗa. Ita ce balasa. Furenta yana buɗewa da safe, kafin rana ta take ya yi yaushi. Manomi ba ya tsayawa kallonta, hauya yake sa mata. Yana kuwa da hujja, domin duk gaɓar da ta taɓa damshi saiwa take yi. Wadda aka nome aka bari cikin gona, da ruwa ya sauka sai ta sake kamawa, a same ta a maimai.

Balasa tana da ƴar'uwa a lambunan Turai, wadda masana tsirrai suka sa su cikin dangi ɗaya. Asalinta gabashin Amurka ta Arewa ne, aka kai ta Ingila a ƙarni na 17. A shekarar 1753 masanin nan Linné ya tabbatar mata da sunan Tradescantia, don tunawa da John Tradescant, mai kula da lambun sarkin Ingila Charles na ɗaya. Ita ma furenta ba ya kwana. Ganyenta kan bushe lokacin sanyi, saiwar ta rayu, ta toho kowace shekara. A can saye ake yi, a dasa ta, a yi mata ban ruwa, a raba saiwarta a ba maƙwabci.

To, ina darajar abu take: cikin jikinsa, ko cikin idon mai kallo? In aka ce cikin ido take, an zalunci manomi, domin ba son rai ya sa yake nome balasa ba. Ruwa da takin da ta sha, na hatsin da zai ciyar da gida ne. In kuma aka ce balasa banza ce tun asali, awaki da tumaki za su ƙaryata, tun da dami-dami ake kai musu ita, suna ci suna ƙiba. Ashe kalmar «haki» ba halittar tsiro take faɗi ba, wurin da ya fito take faɗi. Hukuncin manomi daidai ne a kan gonarsa. Kuskure yana farawa ne ranar da aka ɗauki hukuncin wuri aka mai da shi hukuncin asali.

Wannan kuskure bai tsaya ga tsirrai ba, malaman makaranta sun san shi. Yaro yakan shigo aji da tatsuniyoyi, da karin magana, da sunayen itatuwan dajin garinsu kaf, amma a tambaye shi da Faransanci, ya yi shiru, a rubuta masa daƙiƙi. Alhali kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Gane haka na cikin dalilan da suka sa aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Zinder a shekarar 1973: a fara da abin da yaro ya zo da shi, kafin a ɗora masa wani.

Ba a ce kada malami ya auna ɗalibai ba. Aji ma gona ne, jarrabawa kuwa dole ce. Abin da ake nema gare shi ya san iyakar ma'auninsa. Sakamako yana nuna yadda yaro ya yi a darasi kaza, cikin harshe kaza, a shekara kaza. Bai nuna ko wane ne yaron ba.

Manomin Takieta, in ya gama noma, yakan tattara balasar ya ɗaure, ya kai wa dabbobinsa. Ya cire ta daga gona, amma ya san inda za ta yi amfani. Makaranta fa, waɗanda take cirewa kowace shekara, ina take kai su?