Caca A Kan Makarantun 'Ya'yanmu

A watan Nuwamba na 2022 aka tambayi mutanen jihar Masacusets ta Amurka a kan takardar ƙuri'a: shin a ƙara wa duk mai samun fiye da dala miliyan ɗaya a shekara harajin kashi 4 cikin 100 a kan abin da ya haura miliyan ɗin, a zuba a makarantu da harkar sufuri? Masu cewa eh suka yi rinjaye, da kusan kashi 52. To amma a wannan ƙasa akwai kamfanoni irin su Kalshi da Polymarket da ke karɓar kuɗin mutane a kan sakamakon zaɓe. Wato ana can ana muhawara kan makomar yara, wani yana gefe yana lissafin ribar da zai ci.

Mu fara da harajin kansa. Wata za ta ce, ai mai hali ya fitar da zakka, me kuma za a nema a wurinsa? Amsa ita ce Suratut Tauba ta iyakance zakka ga mutane kashi takwas, kuma galibin malamai ba su sa gina aji a cikinsu ba. Shi ya sa malamai irin su Imam Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus, suka yarda shugaba adali ya ɗora wa mawadata wani abu idan baitulmali ya gaza kuma buƙata ta tabbata. Mawadaci ma bai tara shi kaɗai ba. Akawun da ke riƙe masa lissafi da ungozomar da ta karɓi haihuwar matarsa, wata makaranta ce ta koyar da su.

Mu a Nijeriya ba a kawo mana irin wannan tambaya a akwatin zaɓe, amma harajin yana nan. A 1993 aka kafa dokar karɓar kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni don ilimi. A 2011 asusun ya koma TETFund, na manyan makarantu kaɗai, harajin ya kai kashi 3 a 2023, sannan daga Janairun 2026 aka narkar da shi cikin harajin raya ƙasa na kashi 4. Firamare kuwa dokar UBE ta 2004 ce ta ware mata kashi 2 na kuɗin shigar Tarayya, kuma jiha ba ta karɓar babban kasonta sai ta ajiye nata daidai da shi.

Sai batun caca. Haramcinta a fili yake a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, ko yaro ya sani. Amma akwai wata illa da ba a cika faɗa ba. Wanda ya sa kuɗinsa a kan cewa dokar makarantu za ta faɗi, me kike jin zai kwana yana fata? Ya faɗi mana! Ko da 'yarsa na zaune a ƙasa a ajin da ba rufi, aljihunsa ya riga ya raba shi da ita. Mai jefa ƙuri'a yana tambayar me ya dace, shi kuwa ɗan caca me zai faru kawai yake tambaya. Masu kare abin suna cewa ai kuɗin da ake zubawa yana nuna inda ra'ayin jama'a ya karkata. Ko da hakan gaskiya ne, wane amfani ya yi wa yaron da ba shi da benci?

To kada mu yi ta zargin Amurkawa, don mu ma muna yin irinta ba tare da ko sisi ba. A gidan suna ko biki, daga Daura zuwa Sandamu, Mai'aduwa, Zango da Ɓaure, da an ce za a gyara firamaren unguwa sai ki ji an ce, "Wallahi ba za a yi ba, cinyewa za su yi, ki rubuta ki ajiye." Ranar da aikin ya tsaya kuwa, har da murmushi, "Ba na faɗa muku ba?" Wannan ma ta ci cacarta ke nan, yara suka biya.

Zargin ba a banza ya taso ba, mun ga ayyukan da aka watsar. Amma sharaɗin da malamai suka gindaya, cewa a kashe kuɗin inda aka ce, ba ya cika da kansa, sai an bi sawu. Makarantun gwamnati na da kwamitin SBMC, kuma akwai kujerun mata a ciki. Da izinin maigida, ki je taron. Ki tambayi hedimasta malamai nawa ne, nawa ke zuwa, me aka turo bana. Ku haɗu ku biyar ku kai koke ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, a rubuce. Idan kuma ɗanki ya fara sa kuɗi a waya kan ƙwallo ko kan wa zai ci zaɓe, ki tsawatar tun yana ɗanye.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana. Amin.